Gurasar da Na Jefa a Kwata

A shekarar da korona ta shigo Kano ni dillaliya ce, ina da shekara arba'in da 'yan kai, kuma babu lungun da ƙafata ba ta sani ba daga Ƙofar Mata har Ɗan Agundi. Atamfa nake yawo da ita, da mayafai, da humra da turaren wuta. Gidan da namiji zai tsaya a zaure yana ta rangaɗa sallama, ni kai tsaye nake wucewa har uwar ɗaka. Abu biyu aka san ni da su, surutu da ci. Ban taɓa mayar da tayi ba. Ko ƙanzo na tarar ana ci sai na sa hannu, har matan unguwa suna tsokanata wai in sun ji sallamata sai su rufe tukunya. Ni kuma ina jin daɗin wannan suna, don a ganina shi ne shaidar ba ni da girman kai, kowa nawa ne. Edita, na rubuto ne don in faɗa wa masu karatu yadda wannan suna ya zama sanadin tozarta wata baiwar Allah da ba ta taɓa yi min komai ba sai alheri.

Ina da ƙanwa ma'aikaciyar jinya, a sashen da ake ba masu cuta mai karya garkuwar jiki magani. Da aka sa dokar kulle, aka hana adaidaita sahu fita, masu karɓar magani suka shiga wani hali. Ga tsoron asibiti, don a lokacin ko tari mutum ya yi sai a kalle shi, ga shi kuma maganin nasu ba a yi masa fashi. Sai ma'aikatan suka riƙa kiran marasa lafiyar a waya suna tambayar kowa wa ya yarda da shi a aiko masa ta hannunsa. Wata mata ta ce ni. Mai gurasa ce, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata uku, tana zaune a ɗaki guda cikin babban gidan dangin mijin. Da tanderun nan take ci da su, take sa su a makaranta. Gurasarta kuwa ba a magana, masu tsire har rububinta suke yi. Yaya take ce min, kuma ta ce wa ƙanwata duk garin nan ni kaɗai ce zan shiga ɗakinta da ƙunshi ba wanda zai ɗaga kai.

Ƙanwata ta zaunar da ni ta yi min bayani dalla-dalla. Ta ce ba a ɗaukar ciwon ta abinci, ko ta kofi, ko ta gaisawa, kuma wanda yake shan maganinsa a kan kari zai yi rayuwarsa kamar kowa. Ta ce abin da ke kashe su ya fi yawa daga bakin mutane, don in asiri ya tonu wasu jefar da maganin suke yi. Na ce ta daina koya min zaman duniya, na rantse mata ko a kabari ba za a ji daga bakina ba. Amma ban gaya mata abin da ya ɗarsu a raina tunda ta ambaci matar ba. Na tuna shekarun da na yi ina cin gurasar nan, da yadda take cuɗa ƙullin da hannunta, sai ƙyama ta kama ni. Kaina ya karɓi bayanin ƙanwata tsaf, maƙogwarona ne ya ƙi.

Ranar farko na naɗe robobin maganin a cikin turmin atamfa, na bi ta lunguna na kai wa mai gurasa. Ta tura ƙofa, ta durƙusa har ƙasa tana min godiya da hawaye, ta ce saura ƙwaya biyu ta rage mata. Daga nan ta ɗebo min ruwa a randa da moɗarta. Na ce ta bar shi, ai yanzu likitoci sun hana shan ruwa a kofi ɗaya saboda korona. Ta ce haka ne, Allah ya yaye mana. Bayan 'yan kwanaki aka ɗauki azumi, azumin nan ya rufa min asiri, don duk leƙawar da nake yi da rana ce, ba mai yi wa wani tayi. Gurasar buɗe-baki kuwa sai na riƙa zagayawa wata unguwa ina sayowa, mai tauri kamar takalmi, ina ci ina yaba wa kaina wai ina taimakon marasa lafiya.

Bayan Sallah na koma da magani karo na biyu. Ranar an sassauta doka, tsakar gidan cike da mata, ba mai takunkumi ko ɗaya, har da ni. Na zauna aka dasa hira. Yayar marigayin, wata dattijuwa mai ido kamar na shaho wadda ita ce ke juya gidan, ta miƙo min zoɓo a kofin da ta gama sha, na shanye. Wata ta turo min ragowar dambu, na sa hannu muka ci tare. Na manta sarai da ƙaryar da na yi ta korona. Da na shiga ɗakin mai gurasa na ba ta turminta, sai ta fito da ni tsakar gida, ta zaro gurasa mai zafi daga tanderu, ta yayyafa mata ruwa, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli da yaji, ta zuba man gyaɗa, ta yanka albasa. Da hannunta ta haɗa min bandashen nan, ta ce tukwicina ne, ta san yadda nake son sa. Mata suka sa dariya suna cewa yau kwano zai sha suɗi. Ni kuwa na kalli yatsunta da mai ke naso a kansu, na ce na ƙoshi, ta juye min a leda in ci a gida. Dariyar ta tsaya. A gidan nan ba a taɓa jin kalmar ƙoshi daga bakina ba.

Ina fita, na sha kwanar lungu, na waiga hagu da dama, na jefa ledar a kwata. Abincin da aka yi min don ƙauna, ga mutane suna kwana da yunwa saboda kulle, na jefa shi cikin ruwan wanke-wanke da majina. Har goge hannuna na yi a jikin katanga. Ɗagowar da zan yi sai ga yayar marigayin tsaye a bayana, ta biyo ni da mayafin da na manta. Ta kalli ledar, ta kalle ni, ta tambaye ni me na gani a jikin matar ƙaninta. Da na ce gurasar ce ta faɗi, da an wuce wurin. Da na ce cikina ke ciwo, da an wuce wurin. Amma kunya ta kama ni, na so in wanke kaina kada a ce ni almubazzara ce, sai na rage murya na ce mata ni dai ban ce komai ba, amma a dai riƙa kula. Abin da na faɗa ke nan, a dai riƙa kula. Na tafi gida ina gaya wa zuciyata ban karya rantsuwa ba, tunda ban kira sunan ciwo ba.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san abin da wannan magana take yi in ta fito daga bakin dillaliya. Da farko sun zaci korona ce. Sai dattijuwar ta tuna doguwar jinyar ƙaninta da ramar da ya yi kafin ya cika, ta kuma tuna cewa atamfar da nake kawowa ba a taɓa ganin an ɗinka ta ba. Ta faki idon mai gurasa tana bakin tanderu, ta shiga ɗakinta ta bincike ƙasan gado, ta ɗauki roba guda ta kai wa surukinta ya karanta mata. Kafin kwana uku maganar ta gama unguwa.

Abin da na gani bayan nan, har yau in na tuna sai takaici ya kama ni. Matan da suka shekara goma suna cin gurasarta, suka yi ƙiba da ita, su ne suka riƙa tofar da yawu in ta wuce. Aka ware mata buta, aka ware mata igiyar shanya, aka ce kada 'ya'yanta su ƙara taɓa guga. Masu tsire suka daina aikowa. Wata har kuka ta yi wai an cuce ta an ciyar da ita cuta, alhali ga ta nan garau kamar saniyar layya. Kuma duk wannan tsegumin a cunkushe suke yin sa, gwiwa da gwiwa, suna tari a fuskar juna, suna zuwa gaisuwar mutuwa suna dawowa ba mai wanke hannu. Ciwon da ke yawo a iska yana ɗibar tsofaffinmu ba su ji tsoronsa ba, sai wanda ba ya bin gurasa. Babu wadda ta tsaya ta tambayi ta ina ciwon ya shigo ɗakin, don amsar tana kan ɗan gidansu da ke kwance a kabari. Na ji ƙyamarsu ƙwarai. Amma in na zo ƙarshen lissafi sai in ga duk cikinsu babu abin ƙyama kamar ni, don su jahilci ne ya ja su, ni kuwa an zaunar da ni an karantar da ni.

Tanderu ya mutu. Mai gurasa ta aiko wa ƙanwata cewa kada a ƙara turo mata kowa, ta kashe wayarta, ta zubar da sauran maganin a masai don kada a sake ganin roba a ɗakinta. Babbar 'yarta da aka sa wa rana, dangin yaron suka aiko a dakata, dakatawar da ba a sake tayar da ita ba. Ƙanwata ta zo har gida ta tambaye ni ido da ido, na rantse ban faɗi sunan ciwo ba. Ta ce ta yarda, ta tambaye ni to me na faɗa. Da na gaya mata, ba ta zage ni ba, ta ɗauki jakarta kawai ta fita, kuma ta fi shekara ba ta taka gidana ba. Daga baya na ji matar ta kwashe 'ya'yanta ta koma wurin mahaifiyarta a Dukawuya, ta kwanta ciwo har an fara cire rai. Abokan aikin ƙanwata ne suka bi sawunta, suka yi ta lallashi har ta koma kan magani, Allah ya tashi kafaɗunta.

Sai bara na iya tattara ƙarfin hali na je neman gafara. Na tarar da ita ta murmure, tana saƙa huluna, ta ce ta bar sana'ar abinci har abada. Ta shimfiɗa min tabarma, ta tambayi yara, ta kira ni Yaya kamar da. Na faɗi abin da ya kawo ni ina kuka. Ta ce ta yafe min tun tana kwance, don ba ta so ta je gaban Allah da kayan kowa. Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da ruwan leda guda a kan faranti ta ajiye a gabana, ta ce in sha hankalina kwance, a rufe yake daga kamfani, ba ta taɓa bakinsa ba. Ga randa nan kusa da mu, da moɗa kife a kan murfinta. Na ce don girman Allah ta ɗebo min na randa da moɗarta. Ta yi murmushi, ta ce a'a, moɗar ta 'yan gida ce.

Na sha ruwan ledar nan yana min ɗaci, kuma har yau ɗacin bai bar bakina ba. Na gane cewa yafiya daban, yarda daban, kuma ba a tona asiri da baki kaɗai. Ana tona shi da yamutsa fuska, da janye hannu, da ƙin karɓar ruwa, da 'yar magana mai harshen damo da mutum zai ce ai ni ban ce komai ba. Ina kira ga duk wanda mai wannan lalura ya ba amana, musamman lokacin annoba da ba su da mafita sai ta hannun wani: ka fara bincika zuciyarka kafin ka karɓi ƙunshin. In ka san akwai ƙyama a ranka, ka faɗa tun farko a nemi wani, ya fi ka kai magani da hannun dama ka rusa mutum da na hagu. Cutar ba ta bin kwano, ba ta bin moɗa, kuma masu ita ba su fi ka zunubi ba. Ni an ba ni gurasa mai zafi don ƙauna na jefa a kwata, yanzu moɗar ruwa nake roƙo a gidan nan, ban samu ba.