Kwalabe Ukun Dakta Lorraine

Kowace Litinin, da zarar ƙanƙara ta saki tafkinmu, kafin in kunna wutar suyar kifi zan hango Dakta Lorraine Dubyk ta ajiye tsohuwar motarta, ta zura dogayen takalman roba, ta kutsa ruwa har gwiwa. Kwalabe uku take cikawa: ɗaya gabas, ɗaya yamma, ɗaya daidai inda yara ke wanka. Ta kai su ɗakin gwaji, ta rubuta abin da kowace ta nuna. Shekara talatin da ɗaya tana wannan aiki. Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, majalisar gari kuwa ta ce wai babu lokacin shirya mata walima. To, ni ina da lokaci, ina kuma da baki.

Kowa ya san dalili, noƙewa kawai ake yi. Shekara tara da suka wuce, saura kwana huɗu gasar ninkayar yara, kwalabe biyu suka nuna dafin gansakuka, ta ukun ta fito fes. Ina cikin zaman da aka yi, a madadin masu rumfunan bakin tafki. Magajin gari na lokacin, Wendell, ya yi ta lallashinta, wai baƙi sun riga sun kama ɗakuna, ta rubuta mai kyan, sauran biyun ta ce sun zube.

"Wendell, uku na ɗebo, uku zan rubuta," in ji ta. "In na zaɓi wadda ta yi mini daɗi, ba awo na yi ba, son raina na rubuta."

Ya harzuƙa, ya ce ta rantse wani zai kwanta ciwo. Ta ce ba za ta rantse ba, saninta bai kai can ba. "Na'ura tana gaya mini abin da ke cikin ruwa. Ba ta gaya mini ɗan wa zan bari ya shiga. Wannan ni zan amsa shi, kuma na ce a'a."

Aka rufe bakin tafki, gasa ta ruguje. Babu yaron da ya yi ko ciwon kai, sai hakan ya zama laifinta. Aka laƙaba mata Uwar Gansakuka, aka daina gaishe ta a coci, aka ƙwace shugabancin ɗakin gwajin aka ba wanda ita ta koya wa aiki. Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ta zo rumfata, kifi na soyuwa a gabanta, na dube ta na ce ya ƙare. Murmushi kawai ta yi ta juya. Har yau in na tuna, kunya kamar in nutse.

Litinin ta zagayo, sai ga ta cikin ruwa har gwiwa, ko a jikinta.

Makon jiya na same ta a gida. 'Yata Kayla na cikin waɗanda za su yi iyo a waccan gasar, tana 'yar shekara goma. Na ce wa Dakta ta faɗa mini ƙiri-ƙiri cewa da yarinyar ta shiga ruwan da ta cutu, in buga a jarida, in ga bakin da zai ƙara zaginta.

Ta ajiye kofin shayinta. "Ray, ban sani ba. Wataƙila da ta fito lafiya lau. Kada ka yi ƙarya don ka wanke ni."

Lorraine, ke ce wadda gari guda ya taru a kanta bai sa ta goge layi ɗaya ba. Ke ce kika ƙi ƙaryar da za ta faranta mana, yanzu kuma kin ƙi wadda za ta faranta miki. Na gode, ki kuma yafe mini.

Ku masu riƙe da ma'auni a garin nan, daga mai duba birki har mai auna magani, ku koya daga gare ta: ku faɗi abin da kuka gani, ku tsaya inda saninku ya tsaya. Ni dai na so in rubuta cewa ta ceci ran 'yata, Allah ya sani na so. Ta hana ni, ban kuwa rubuta ba.