Lasifika ta bakwai

Shekarar da na fara jin kaina a matsayin mai gyaran rediyo a Sabon Garin Gusau, mutanen garinmu Bilbis suka aiko a kira ni. Azumi ya matso, suna so a ja waya daga masallaci zuwa unguwanni, mata su ma su ji tafsirin la'asar daga cikin gida. Kawuna ne mai tafsirin. Inna kuwa, mahaifiyata, ƙafa ta riga ta kwantar da ita a gidanmu da ke can ƙarshen gari, ba ta taɓa jin ƙanen nata yana karatu a gaban jama'a ba. Don ita na karɓi aikin, ko da yake ban faɗa wa kowa ba.

Lasifika bakwai na ɗaura a waya ɗaya, kowace da 'yar taransifomarta a gindi. Ni da na ɗauka na gama sanin lantarki, ban lissafa cewa kowace taransifoma sai ta ci rabonta kafin ta miƙa sauran ba. Idan ka taɓa ta bayan karatu sai ka ji ta da ɗumi, kamar wurin da kaza ta tashi daga kan ƙwai. Muryar kawu ce ke ƙonewa a ciki. Ga kuma ɗan banzan son burgewa da ya sa na ɗaure ta kowane mai gida a mataki mafi ƙarfi. Ta kusa da masallaci har awaki take kora. Ta bakwai, wadda ke kan bishiyar darbejiyar gidanmu, sai shuuu.

Kwana huɗu Inna na cewa tana ji sarai. Matar yayana ce ta tona, ta ce tsohuwa tafin hannu take karawa a kunne har ya gaji, sannan ta koma jan carbi. Na ji kunya ƙwarai, na kuma ji haushin kaina.

Washegari na saɓa tsani na bi gidajen nan shida da bakin azumi, ina roƙon kowa ya bari in rage masa. Wani ya yi mita, wani ya ce ai dama ta ishe shi. Da na ce don Inna ce, har mai mitar ya riƙe mini tsani.

Ana idar da la'asar na ruga gida, ko takalmi ban tsaya ɗaurawa ba. Kawu ya ja bisimilla, muryar ta sauko tsakar gida garau, har numfashinsa ana ji. Inna ta ajiye carbi. Na tambaye ta ko yanzu tana ji.

"Yi mani kawai, ɗan nan," ta ce, tana yi mini alama in yi shiru, hawaye na bin kuncinta. "Wagga murya ta babanmu ta, haka marigayi ka karatu. Shekara arba'in ban jiya ta ba."