Kayan Cikin Kwamfutar Baba

Mahaifina akawu ne a sakatariya har ya yi ritaya. Da ya bar aiki sai ya sayi kwamfuta ta tebur, mai farin akwati, ya kafa ta a zauren gidanmu na unguwar Ɗan Iya. Ba sana'a ya mai da ita ba. Duk mai takardar neman aiki, ko koken fansho, ko wasiƙar kwamitin masallaci, sai ya zo ya zauna a benci, Baba ya saurare shi, ya buga masa a kyauta.

Shekaru suka ja, kwamfutar ta tsufa. Farinta ya dafe, maɓallin kunnawa ya faɗa ciki, sai da murfin biro ake danna shi. In Baba ya kunna ta yakan je ya yi alwala ya dawo ba ta gama tashi ba, fankarta na gurnani kamar injin markaɗe. Ni kuwa a wani ofis nake aiki a Yelwa, kullum hannuna na kan sababbin na'urori, wannan abu kunya yake ba ni. Sau uku ina cewa zan sayo masa sabuwa.

"Ta ce maka ta gaji ne?" in ji shi. "Ka bar mini kayana."

Da ya tafi Azare ta'aziyya na kwana uku, sai na sa ta a keke mai ƙafa uku na kai ta kasuwar Wunti, shagon wani mai gyara mutumin kudu. Na ce ya kwashe duk kayan cikin ya zuba sababbi, amma kada ya taɓa akwatin, ko maɓallin nan kada ya gyara.

"Baba ya sani?" ya tambaye ni.

Na ce ba zai ma gane ba.

"Oga, tsoho yana gane kayansa fa. Gara ka faɗa masa."

Dariya na yi. Ya ce tsohuwar manhajar ba za ta hau sababbin kayan ba, dole a sa ta yanzu. Na ce a sa. Ya kwafe duk takardun Baba bai bar ko ɗaya ba, ni kuma na mayar da hoton da ke fuskar allon, na jera komai yadda na tuna yake.

Ranar da Baba ya dawo, ya danna murfin biro, ya miƙe zai ɗauki buta, sai ga ta ta tashi, shiru babu gurnani. Ya tsaya yana kallonta, sannan ya juyo gare ni.

"An taɓa ta ne?"

"Share ta kawai na sa aka yi, Baba, aka sa wa fankar mai."

Ya gyaɗa kai. Bai taɓa kama ni da ƙarya ba, saboda haka ya yarda.

Washegari wani tsohon direba, abokin aikinsa na da, ya zo da koken fansho. Ina zaure ina ɗaura takalmi, sai na fasa fita na tsaya ina kallo. Baba ya kai linzamin kwamfutar inda ya saba kai shi shekara da shekaru, abin da yake nema ba ya nan. Ya koma, ya sake. Ya cire tabarau ya goge. Takardar da yake gamawa kafin shayi ya huce ta ci masa safiya guda, kuma da ya zo fitar da ita a firinta ya rasa ta inda ake bi.

"Yi haƙuri, Malam," ya ce wa direban. "Yau kaina ne ba daidai ba."

Nan ya kamata in yi magana. Na ɗauki jakata na fita.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne Baffa, wan Baba, wanda ruɗewar tsufa ta kama kafin ya rasu, har ya daina gane 'ya'yansa. Baba ne ya yi jinyarsa. Tunda na ce masa ba a canza komai ba, sai ya yanke cewa shi ne ya canza. Ya fara rubuta abubuwa a 'yar takarda yana sawa a aljihu. In ya ƙirga raka'a sai ya tambayi na kusa da shi ko daidai ne. Ya rufe kwamfutar da tsohon zanen gado, duk wanda ya zo ya ce masa ya je shagon buga takardu na bakin titi.

Kullum in ce gobe zan faɗa masa. Da farko tsoron faɗa nake ji. Daga baya tsoron ya koma na tambayar da na san zai yi: me ya sa ban faɗa tun jiya ba? Haka aka yi wata biyu.

Wata Litinin ya ce in raka shi asibiti, yana so likita ya duba masa ƙwaƙwalwa, kuma kada Inna, mahaifiyarmu, ta ji. Muna zaune a layi, katinsa a hannu, sai ya ce a hankali, "In abin Baffanku ne, gara in sani da wuri, in shirya muku komai."

Na ce, "Baba, lafiyarka ƙalau. Ni na canza kayan cikin kwamfutar. Akwatin ne kawai naka."

Ya tambaya ko har inda ake danna firinta an canza, na ce an canza. Ya sauke numfashi, ya ce alhamdulillahi har sau biyu. Sannan ya dube ni.

"Wata biyu kana kallona."

Ya miƙe. Ya sa katin a aljihu, muka fito ba mu ga likitan ba. A keke ya ce in mayar masa da kayansa na da. Na je Wunti a ranar, mai gyaran ya ce tuni masu sayen tsofaffin ƙarafa suka kwashe su. Bai tuna mini da maganarsa ba, ni ma ban iya haɗa ido da shi ba.

Baba ya koyi sabuwar manhajar daga baya, da littafi da biro a gefe, kuma bai daɗe ba ya iya. Sai dai mutane sun riga sun saba da shagon bakin titi, ba kowa ya dawo ba. Yanzu wasiƙun masallaci ne yawancin aikinsa. Muna gaisawa lafiya, muna cin abinci tare ranar Juma'a, bai sake tayar da zancen ba. Amma in wani abu ya shige masa duhu a kwamfutar, ƙanwata da ke aure a Gombe yake kira a waya ta yi masa bayani, ko da ina zaune a cikin gidan.