Hannun Amama Ba Ya Ƙin Kyauta

Duk wanda ya san unguwar Maamobi ta Accra da safe ya san Amama mai koko da ƙosai. Kafin ka gama gaisuwa ta ɗaure maka leda. Abin da da yawa ba su sani ba, ranar Asabar wasan ces take bugawa, wasan nan na sarki da doki da sojoji, kuma mai sauri: kowa minti uku, agogo na gefe. 'Yarta ce ta saka mata a waya. Wasa-wasa, sai ga baiwar Allah a gasar matan zango.

Matsalarta ɗaya ce, Samiratu, wata malamar makaranta daga Kotobabi. Sau bakwai tana lallasa ta, kuma da buɗin wasa iri ɗaya. A taku na biyu sai ta turo ƙaramin soja a banza. Amama ta cafke, ta tsaya gadinsa, gidanta ya watse. Ta sani sarai tarko ne. To me ya sa hannun yake rigan kanta? Abin ya dame ta har ƙosai ya fara ƙonewa.

Wata rana tana wucewa ta gindin bishiyar da dattawa ke buga dame, darar mutanen Gana, ta ji wani ya ce wa abokinsa, "Ci mana! Ai dole ne." Ta tsaya cak. Haka marigayi babanta, Osman, yake ce mata tun tana 'yar shekara shida. A dame ba a ƙin ci. Ashe shekara arba'in hannun yana bin dokar Baba.

Aka zo wasan ƙarshe, wadda ta yi nasara ita za ta wakilci zango a gasar Accra. Samiratu ta turo sojan, ko kallon allo ba ta yi ba. Hannun Amama ya zabura, ta danne shi da gefen mayafi. Daƙiƙa ashirin suka tafi, wallahi har da gumi. Sannan ta tura nata sojan, ta bar kyautar a wurin.

Samiratu ta ɗago. Ba ta shirya wa wannan hanyar ba, tana ta tunani har agogonta ya ƙare, nasara ta zama ta Amama.

Mata na tafi, Amama kuwa ƙwalla ce ta cika mata ido. Ta dubi hannunta ta ce a hankali, "Baba, ka yafe mini. Yau na ƙi ci."