Ruwan Ƙirjin Inna da Ilimin Kawu

Abubuwa da yawa na jinyar mahaifiyata sun fara gushewa daga kaina, amma akwai yini guda da ko tsufa ba zai goge min shi ba, wato ranar da Inna ta ƙwace maganar ƙirjinta daga bakin Kawu. Har yau in na tuna, dariya da haushi ke taso min tare, kuma haushin ya fi yawa.

Inna tana zaune a ƙauyenmu da ke bayan Sabuwa, ni kuma aure ya kai ni Ƙanƙara. Ciwon daji ne ya kama ta a nono, aka yi mata aiki, ta samu sauƙi na wani lokaci, sai ya dawo ta ƙirji. Ruwa ya riƙa taruwa a gefen huhunta yana danne shi. Matar da ke surfe tana hira ta koma ba ta iya kai ƙarshen Fatiha sai ta tsaya ta ja numfashi. Kwanciya ta gagare ta. A zaune take barci, an jingina mata buhun masara a baya.

Duk lokacin da ruwan ya taru, sai mu kai ta babban asibiti a zuƙe shi da allura. Faɗa da baki ba wuya. Yayana ke tuƙa babur, Inna a tsakiya, ni a baya na rungume ta, muna faɗawa cikin ramuka har mu kai inda za mu samu mota. Kafin mu fita kuma sai an tambayi masu shigowa ko ɓarayin daji sun tare hanya. In aka zuƙe sai ta wartsake, ta ci tuwo, har ta yi mana faɗa. Bayan 'yan makonni ruwan ya dawo kamar ba a taɓa shi ba.

Wata rana likita ya kira mu gefe ya ce akwai abin da ya fi wannan wahalar. Ya ce tsakanin huhu da haƙarƙari akwai 'yar fata siririya rufi biyu, a tsakaninsu ruwan ke samun wurin zama. Za su sa roba ta gefen ƙirji su tsiyaye ruwan tas, sannan su dama wata hoda ta asibiti su tura ta cikin robar, ita ce za ta sa fatun biyu su manne da juna, ruwa ya rasa inda zai taru. Bai ɓoye mana komai ba. Ya ce aikin ba ya warkar da daji, numfashi kawai yake sauƙaƙawa, kuma ba kowa yake yi wa ba.

Sai dai maganar ba a hannunmu take ba. Tun da Babanmu ya rasu, ba a yanke komai a kan Inna sai da yawun Kawu, ƙanenta, autan ɗakinsu, mazaunin Faskari. Manomin shinkafa ne a fadama, saboda haka a ganinsa duk duniya ba wanda ya kai shi sanin halin ruwa. Bai taɓa hawa babur ɗin nan da mu ba, ko sau ɗaya. Sai an gama shan wahala zai iso da babbar riga da ledar lemo, ya baje a gindin bishiyar asibiti cikin 'yan dubiya yana ba da fatawa. Shi ne kuma ya kafa dokar kada wanda ya ambaci daji a gaban Inna, a ce mata sanyi ne ya shige ta.

Da na kai masa maganar likita, sai ya dube ni sheƙeƙe.

"Ke ɗiyata, mi kika sani game da ruwa? Ni da ruwa muka tsufa. In ka toshe mishi hanya, ta wani wurin yake ɓallewa. Wanga ruwa da ake zuƙewa ai ciwon ne ke hita. Shi za a liƙe a ciki?"

Na ce, "Kawu, sai an fitar da shi duka ake sa maganin."

"Likitan nan yaro ne, bai taɓa tare ruwa a gona ba."

'Yan gindin bishiya suka hau gyaɗa kai, kowa da "gaskiya ne, Alhaji". Mutanen da ko ƙofar ɗakin majinyata ba su leƙa ba, su ne suka yanke wa uwata hukunci da ilimin kuyyar gona da kwalbati. Haka muka koma gida, muka ci gaba da zarya, damina kuma ta sauka hanya ta ƙara lalacewa.

A zuwanmu na ƙarshe likita ya daɗe yana duban hoton ƙirjinta. Ya ce huhun ya fara nauyin buɗewa, in aka ƙara jinkiri zai ƙanƙance ya ƙi miƙewa, daga nan aikin ba zai yiwu ba, sai dai zaryar har ƙarshen rai. Ranar Kawu ya shigo ɗakin da kansa, ya tsaya a bakin gadon Inna yana maimaita karatun fadamarsa, yana magana ta saman kanta kamar ba ta wurin.

Sai muka ji ta ce, "Auta."

Tun da ya dawo daga Hajji ba wanda ya kira shi haka a gaban mutane.

"Matso kusa, ba ni da numfashin ɗaga murya."

"Yaya, ki huta, shawara muke yi."

"Shawarar ƙirjin wa?" Ta tsaya ta ja iska. "Daji ne gare ni, na sani. Nono aka yanke mini, kuna ce mini sanyi. Na yi shiru ne don kar in ba ku kunya." Ta sake tsayawa. "Sau nawa ka hau babur ɗin nan da ni? Sau nawa ka yi barci a zaune?"

Kawu ya hau gyaran hular da ba ta karkace ba. Inna ta juyo gare ni ta ce in kira mata likita. Da ya zo, tambaya biyu ta yi masa.

"Zai warkar da ni?"

"A'a, Hajiya."

"Zan iya kwanciya?"

"Muna sa rai, in Allah ya yarda."

"To, a yi."

Aka yi. Ba zan ce da daɗi ba. Ta sha zafi a gefen ƙirji, zazzaɓi ya rufe ta na kwana biyu, robar kuma tana jikinta har sai da ruwan ya ja baya aka cire. Kawu ya samu abin faɗa, yana zagaye yana cewa ai dama ya faɗa. Amma da aka sake ɗaukar hoto, likita ya ce maganin ya kama, fatun sun manne.

Ranar da muka dawo gida, da azahar, Inna ta ce a fitar mata da buhun masarar nan daga ɗaki. Ta shimfiɗa tabarma, ta kwanta a gefenta na dama, ta miƙe ƙafafu, barci ya ɗauke ta. Na zauna a bakin ƙofa ina kuka, ban san lokacin da na fara ba. Ta ga girbin shekarar, ta zauna a tsakar gida tana gyara wake da jikokinta, ba ta sake hawa babur don ruwa ba. Bayan an gama kai amfani gida Allah ya karɓi abarsa, a ɗakinta, a kwance.

Wajen zaman makoki ina daga cikin gida na jiyo muryar Kawu ta bayan danga, yana ce wa masu gaisuwa, "Ai ni na tsaya tsayin daka sai da anka yi mata aikin nan." Suka ce Allah ya saka wa Alhaji da alheri. Inna ba ta koya min yi wa manya tsawa ba, amma raina ya ɓaci, kuma har yau bai gama hucewa ba. Watannin da ya cinye mata a zaune ba wanda zai dawo mata da su.

Tun daga nan, duk inda na ga an kewaye mara lafiya ana shawara ta saman kansa, sai in ratsa in durƙusa kusa da shi in tambaye shi abin da yake so. Wanda numfashi ke gagara shi ya kamata a fara ji, ba mai babbar rigar da ya zo da lemo ba.