Ragon Baba Namadi

Jiya na tsaya a ƙofar gidan Baba Namadi mahauci, a Sabon Garin Jega, na rasa ta inda zan fara.

Ni nake horar da 'yan ƙwallon kwalejinmu. Ɗansa Nasiru ne golanmu, kafin ya rasu bara a hatsarin mota a hanyar Aliero. Da aka fara gasar bana, Baba ya ɗaure rago, ya ce ranar nasararmu ta farko zai yanka mana.

To, gasa ta ƙare. An doke mu a Aliero, an doke mu a Maiyama, an biyo mu har gida an ƙara mana. Ko canjaras ba mu samu ba.

Na ce, "Baba, mun ba ka kunya. Ka kai ragonka kasuwa."

Ya ce, "Malam, mi za ni yi da nasara? Tun rasuwar Nasiru yaran ga sunka bar biyowa ta nan, wai kada su tuna mani da shi. Ni ko so nike in ƙara ganin takalman ƙwallo zube bakin zauren ga."

Yau mun je dukkanmu, aka yanka ragon. Baba bai ci ko tsoka ɗaya ba. Yana zaune a bakin zaure, yana ta jera takalman yaran.

Allah Ya jiƙan Nasiru. Jama'a, akwai gidan da kuka daina zuwa don kada ku tayar da baƙin ciki? Kun taɓa tambayar masu gidan?