Ƙofar Baya da Saƙon Banyo

Ƙanena ya sayi motar ne a hannun wasu Turawa, mata da miji, da suka zo yawon ganin ƙasa, ta mutu musu a Garwa, suka gaji da jinyarta. Ƙaramar bas ce, amma a cikinta akwai gado, akwai ɗan kabad, har da wurin ɗora tukunya. Ranar da aka jawo ta gida na yi masa dariya son raina. Na ce mutum bai gama rufin ɗakinsa ba, ya je ya sayo ɗaki mai taya. Bai kula ni ba. Ya shige ƙarƙashinta da sufana, wata da watanni, har ta tashi.

Wadda ba ta yi dariya ba ita ce Inna, mahaifiyarmu. Ƙanwarta ɗaya tilo aure ya kai ta Banyo tun ina goye, kuma rabon su ga juna an daɗe ƙwarai. Ƙafafun Inna sun kumbura, ƙugunta ba ya ɗaukar zama. Ita ma ta Banyo idonta ya yi rauni, ta daina fita. Waya kawai suke yi, kowacce tana rantse wa 'yar'uwarta lafiya lau take. Da Inna ta leƙa ta ga gadon nan, sai ta ce, "A kwance zan iya."

Matsalar ita ce tayar safaya. Ƙarfen da ke riƙe ta a ƙarƙashin motar ya ruɓe, don haka a ciki take, daidai hanyar da za a shigar da Inna ta ƙofar baya. Hanyar Banyo kuwa ko mahaukaci ba ya shigarta ba safaya. Inna ta shaƙi warin roba ta yamutsa fuska. "Ni ba kaya ba ce," in ji ta. "Ba zan kwanta da taya ba."

Muka kai motar wurin mai waldar unguwarmu, na bi ƙanena don ban yarda da shi shi kaɗai ba. Mutumin ya ƙwanƙwasa ƙyauren baya, ya ce wannan ai gwangwani ne. Ya yanko faifan ƙarfe biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, ya huda, ya zura kusoshi masu kauri, ya ƙara wa hinjin ƙarfi, sannan ya ɗaura tayar a jikin ƙyauren. Ta zauna daram. Ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa, ya juyo gare ni.

"Hajiya, taya kawai. Wallahi ko buta kada ku rataya mata."

Na ce masa ya kwantar da hankalinsa, ina nan.

To, ina nan ɗin. Amma wanda ya san Garwa ya san ba a tafiya Banyo a ɓoye. Rabin unguwarmu suna da ɗa ko 'ya a can. Da safiyar tafiya ƙofar gidanmu ta zama tasha. Wannan ta kawo buhun albasa, waccan jarkar man gyaɗa, wata turamen atamfa. Na tsaya ina ta masifa, babu wuri, babu wuri. Sai ga wani tsoho maƙwabcinmu, wanda ya yi wa mahaifinmu wanka ranar da ya rasu, ya rungumo kan keken ɗinki a cikin tsumma, na 'yarsa. Ya ce, "In da hali." Wa zai ce wa wannan babu hali?

Ciki na Inna ne, an gama wannan magana. Ƙanena ya dubi tayar nan, zagayayya, da ramukanta masu daɗin zura igiya. Ya ce mini, "Adda, kaɗan ne." Kafin in buɗe baki an ɗaure komai a jikin tayar da robar tub, har ba a ganinta.

Har Gaundere lafiya lau. Bayan nan hanya ta fara nuna halinta, ƙyauren ya soma kuka a kowane rami. Gab da Tibati muka tsaya sallar azahar. Ƙanena ya murɗa hannun ƙofar baya, ta ƙi. Ya ja da ƙarfi, ta ƙi. Nauyi ya rinjayi hinjin, ƙyauren ya sauka ya cije. Ƙofar gefe kuwa kabad ya tare rabinta, Inna ba ta iya lanƙwasawa ta bi ta nan.

Hadari ya fara haɗuwa ta kudu. In muka juya, damina za ta rufe hanyar sai baɗi, kuma tsakanin tsofaffin nan biyu ban san wadda baɗi za ta tarar ba. Tsoro ne ya sa na zazzage wa ƙanena duk abin da ke bakina. Ya kwance kayan ɗaya bayan ɗaya, ya kafa jak a ƙarƙashin ƙyauren da guntun katako, ya ɗaga a hankali, ya ƙara ɗaure kusoshin. Ƙofa ta yi ƙara ta buɗe.

Da Inna ta idar da salla, na ce kayan nan a tashar Tibati za mu bar su, mai so ya aiko a ɗauka. Ta dube ni.

"Amanar mutane? Ku shigo da su."

"Inna, ke da kika ce ba kya kwanciya da kaya?"

"Da taya na ce. Taya wa ya aiko ta?"

Haka aka jera jarka a gefenta, keken ɗinki a wajen kanta, buhun albasa a ƙarƙashin ƙafafunta. Ba mu yi nisa ba ta ce rabon da ƙafafun nan su yi mata sauƙi haka har ta manta, a bar mata buhun.

Washegari muka shiga Banyo, babura na ta kewaye mu. Ƙanwar Inna na tsaye a ƙofar gida, dafe da bango. Ƙanena ya tallafi ƙyauren da kafaɗa ya buɗe, warin albasa ya yi mana sallama. Ta matso tana lalube. Ta taɓa jarka, ta taɓa buhu, sannan hannunta ya sauka a kan ƙafar Inna. Ta daɗe tana shafa kumburin.

"Adda, kin ce mini lafiya lau kike."

"Ke ma ai kin ce kina gani."

Suka yi dariya, suka yi kuka, ni ma na taya su ban ji kunya ba. Can ta share ido, ta ci gaba da laluben gadon har bango, tana aunawa da hannu. Ta juyo wajen da take jin muryar ƙanena.

"Ɗana, an ce a Garwa ana gyara ido. Gadon nan yana cin mutum biyu?"